Yadda na gyara hoton sawun taya da ya ƙi fitowa

Matsalar ita ce sawun taya a kan ƙasa a wurin haɗari: da ido ana ganin zanen tayar sarai, amma a hoto sai ya fito a shafe. Filashin da ke kan kyamara ne sanadi. Haskensa yana sauka kai tsaye daga sama, ya cike ramukan, inuwa ta ɓace. Ita kuwa inuwar ce ke nuna zurfi.

Na cire filashin na haɗa shi da kyamarar ta igiyar waya, na riƙe shi daga gefe, nisan kamar mita ɗaya da rabi, a ƙasa-ƙasa, kusurwa wajen digiri 15 zuwa 30. Kyamara na kan ƙafa uku tana kallon ƙasa tsaye cak. In ta karkata, awon da za a yi daga hoton ya lalace. Saitin: ISO (yadda kyamara ke jin haske) 100, f/11 (girman ƙofar da haske ke shiga), ruwan tabarau mai milimita 50, a adana a RAW (tsarin fayil da ke riƙe hoton yadda kyamara ta ɗauke shi). Da rana sai an tare hasken rana da kwali ko baƙin ƙyalle, in ba haka ba zai rinjayi filashin.

Ma'auni, wato rular da ake ajiyewa kusa da sawun don ta fito a hoton, shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. A ajiye shi daidai da zurfin gindin sawun, ko da sai an ɗan tona gefe nesa da shaidar. In ya fi sawun tudu, sawun zai fito ƙarami.

Kowane sashe na ɗauke shi da haske daga ɓangare uku, kowane hoto yana hawa kan na baya, har na cika zagayen taya ɗaya, kusan mita 2 a ƙaramar mota.