Yadda ake raba intanet da adalci a gidan haya

A gidajen haya na Nima da Mamobi a birnin Accra, ya zama ruwan dare a haɗa kuɗi a sayi rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet a gida, kowa ya hau. Bayan isha'i ake jin kan jama'a: wani ya fara tura bidiyon biki, sai kiran WhatsApp ɗin Hajiya da ɗanta na Jamus ya riƙa katsewa. Nan take a ce a ƙara kuɗi a sayi babban tsari, alhali sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba.

Matsalar ta layin jira ce. Bayanai ƙulli-ƙulli suke tafiya, in sun fi ƙarfin hanya sai na'urar kamfani ta jera su. Muryar Hajiya ta tsaya bayan dubban ƙullin bidiyo, kamar mai kofi ɗaya a bayan mai jarka ashirin a bakin famfo. Tsarin TCP, wanda ke kula da tafiyar bayanai a intanet, yadda masanin kwamfuta Van Jacobson ya gyara shi a 1988, yakan sassauta gudu ne in ya ga ƙulli ya ɓace, dogon layi kuwa yana jinkirta wannan alamar.

Da farko a auna gudun saukewa da na turawa, da dare lokacin cunkoso, ba da asuba ba. Sannan a buɗe kwamfuta a rubuta ping 8.8.8.8, umarnin da ke nuna lokacin da ƙulli ke ɗauka ya je ya dawo, a sa wani ya tura babban bidiyo. In lambar ta tashi daga 'yan gomiya zuwa ɗaruruwan milisakan, an kama ɓarawon.

Sai rauta. Ba kowace ce ke iya wannan aiki ba. A nemi mai ɗaukar OpenWrt, wata manhajar sarrafa rauta, a saka mata SQM, wato tsarin kula da layin jira, a zaɓi ɗaya daga dabarunsa na rabo, CAKE ko fq_codel. Rautar kamfanin MikroTik mai manhajar RouterOS 7 ma tana da CAKE da fq_codel. 

Ga inda mutane ke yin gardama: a rubuta wa rautar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na gudun da aka auna. In turawa ta ba da Mbps 10 (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet), a sa 9. Wani zai ce an yi asara, amma da wannan ɗan ragin ne layin jiran ke barin na'urar kamfani ya dawo cikin rautarku, inda kuke da iko da shi. Masu layin 4G su ƙara ragewa, don gudunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Ni dai na fi son CAKE, domin yana rabo ne tsakanin na'urori. Mai sauke fim ta hanyoyi hamsin ba zai danne mai waya ɗaya ba, in kuma kowa ya kwanta, ya ci hanyar shi kaɗai. Wannan ya fi yanka wa kowa Mbps 2 a ɗaure shi a kai ko da babu kowa.

A sake gwajin ping ɗin ana tura bidiyo. In har yanzu lambar na tsalle, a rage kashi 5 a sake gwadawa.