Yadda Ake Saye, Haɗawa da Kula da Risibar Sautin Silimar Gida a Legas

Risibar sauti ita ce akwatin da ke tsakiyar kowace silimar gida. Dikoda, na'urar wasan bidiyo da kwamfuta duk cikinta suke shiga, ita kuma ta miƙa hoto ga talabijin, ta rarraba sauti ga lasifikoki, ta ba kowace ƙarfin da take buƙata. Denon, Yamaha, Marantz, Onkyo, Pioneer da Sony na cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta, kuma duk wanda ya zaga layukan kayan lantarki na kasuwar Alaba International da ke Ojo zai ga sababbi a kwali, ga kuma na tokumbo jere a kan kanta. A Legas dai, abubuwa uku ne ke tabbatar da ko mutum zai mori kuɗinsa: irin wutar da yake ba na'urar, iskar da take samu, da wurin da ya ajiye lasifikoki. Tsadarta da yawan wat ɗin da aka rubuta a kwalinta suna biyo baya ne.

Kafin a biya kuɗi

Abu na farko shi ne ka juya risibar ka dubi bayanta. Kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke nuna ƙarfin wutar da aka ƙera ta domin sa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka bolt 120, ta Japan kuma bolt 100. Cajar waya da yawancin talabijin na zamani suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wannan ne ya sa mutane ke zaton kowace na'ura haka take, alhali yawancin risibobi suna ɗauke da taransifoma mai nauyi a ciki wadda aka naɗa ta don ƙarfin wuta guda kawai. Idan aka jona ta Amurka kai tsaye a soket ɗin gidanmu, kafin a kai hannu kan rimot ta riga ta ƙone. Wanda ya nace sai ita, dole ya haɗa da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya kai ninki biyu na abin da risibar ke ja. Idan an rubuta wat 500 a baya, a nemi mai wat 1,000. A ganina wadda aka shigo da ita daga Ingila ko Jamus ta fi kwanciyar hankali, domin a gidan da ke da yara da baƙi, wata rana sai an sami wanda zai zare filogi ya mayar da shi inda bai dace ba.

Na biyu, ka lura da ramukan HDMI. Idan talabijin ɗinka mai 4K ne, risibar tana buƙatar tsarin hana satar fim na HDCP 2.2 kafin hoton ya ratsa ta da cikakken kyansa. Ka kuma nemi ramin da aka rubuta wa ARC ko eARC, domin ta nan ne sautin Netflix ko YouTube da ake kunnawa a cikin talabijin ke dawowa risiba ta waya guda. Tsarin ARC ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, saboda haka tsohuwar na'ura mai arha tana iya rasa su duka biyun.

Kada a yarda da gwajin da mai shago zai yi da lasifika ɗaya da waƙa mai ƙarfi. Ka ce masa cikin mutunci, "Maigida, a jona mini kowace ƙofa in ji da kunnena." A gwada ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki lasifika guda a riƙa matsar da ita daga wannan mahaɗi zuwa wancan har a tabbatar babu layin da ya mutu, sannan a bar na'urar tana aiki kamar minti ashirin, saboda akwai lalurar da ba ta bayyana sai ƙarfe ya ɗauki zafi. Ka tambayi rimot da ɗan makirufon awo. Kayan tokumbo sukan zo babu su, kuma samun na asali daga baya ba ƙaramin aiki ba ne.

Batun wat kuwa, kada ya ruɗe ka. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, wato ɗan ƙari kaɗan a kunne, kuma manyan lambobin da ke jikin kwali galibi an auna su ne da layi ɗaya ko biyu suna aiki. Ga falon gidan haya irin na Agege, Idi-Araba ko Obalende, tsarin 5.1 ya wadatar: lasifika biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, sai wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Tsarin sauti na Dolby Atmos, wanda ya fara a gidajen silima a 2012 ya kuma shigo gidaje a 2014, yana son lasifikoki a sama, kuma ba kowane mai gida ne zai yarda ɗan haya ya huda masa silin ba.

Wuta

Ko a yankin Ikeja Electric kake ko a na kamfanin Eko, ƙa'idar ɗaya ce: risiba ba ta zama kai tsaye a soket ɗin bango. A tara wat ɗin risiba, wufa da talabijin, a sayi sitabilaiza wadda ƙarfinta ya zarce jimlar da kamar rabi, a kuma kunna maɓallin jinkirinta, ta yadda idan an kawo wuta ba za ta sake ta ga kayan ba sai ta daidaita. Lokacin dawowar wuta da lokacin sauyawa zuwa janareto su ne suka fi kashe kayan sauti. Don haka a kashe risibar kafin a juya makunnin canji, a bar janareton ya zauna da ƙafafunsa na ɗan lokaci, sannan a kunna ta. Haka nan a kashe ta kafin a kashe shi, kada a jira mai ya ƙare yana tari. Ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba ya riƙe ƙarfin wuta daidai, bai kamata a ɗora masa irin wannan kaya ba. Mai amfani da inbata ya tabbatar tasa tana fitar da wuta mai santsi, irin wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki, domin ɗaya nau'in yakan sa taransifomar risiba gurnani da ɗaukar zafi.

Da damina akwai tsawa, kuma hanyar da take bi ba lallai ta soket ba ce. Tana iya saukowa ta wayar dish ta shiga dikoda, daga nan ta bi HDMI ta lalata allon risiba, alhali sitabilaiza tana nan lafiya lau. Idan hadari ya haɗu sosai, ko za a yi tafiya Arewa hutun salla, a zare filogi a kuma kwance wayar dish.

Iska da ƙura

Risiba tana fitar da zafi ta ramukan da ke samanta. Littattafan wasu kamfanoni suna neman a bar sarari kamar santimita 30 a sama da 20 a gefe, saboda haka kabad mai ƙofar gilashi a rufe bai dace da ita ba, haka ma ɗora dikoda a kanta ko shimfiɗa mata kyallen ado tana aiki. Laimar Legas tana sa mahaɗan ƙarfe tsatsa, musamman a unguwannin da ke kusa da teku, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramuka. A riƙa share ta da busasshen buroshi bayan an zare wuta, a rufe ta da kyalle idan ta huce, a kuma hana cin abinci kusa da ita, domin kyankyasai suna son ɗumin cikinta.

Jera lasifikoki

A nan ne yawancin mutane ke asarar rabin abin da suka saya, domin sukan tara lasifikokin biyar a kan teburin talabijin, su ce sauti bai zagaye su ba. Ta tsakiya ita ce ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa, wurinta daidai ƙarƙashin allo ko samansa, a bakin kanta ba can ciki ba, tana kallon fuskar mai zama. Na hagu da dama kowace ta buɗe da kusurwar digiri 22 zuwa 30 daga tsakiyar allo, idan an auna daga wurin zama. Idan kujera tana da nisan mita 3 daga talabijin, tazarar da ke tsakaninsu za ta kama daga mita 2.4 zuwa 3.5. Tsayinsu ya yi daidai da kunnen wanda ke zaune, kuma idan iyalin gidan sun fi zama a kan kafet, a yi awon da zaman ƙasa. Na gefe biyun wurinsu digiri 90 zuwa 110 ne, wato daura da kafaɗa ko ɗan baya kaɗan, sama da kai da kamar kamu ɗaya. A falonmu an saba jingina kujeru da bango. Idan babu halin jawo babbar kujerar gaba, a kafa su a bangon gefe maimakon a manna su a bayan ƙeya.

Wufa tana da tata dabarar. A ɗora ta a kan kujerar da aka fi zama, a kunna waƙa mai kiɗan ƙasa, wato sauti mai kauri (bass), da ke maimaituwa, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare. Inda ya ji kiɗan ya fito cike ba tare da ruri ba, nan ne mazauninta. Kusurwar ɗaki tana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa ƙarfin na ruri ne kawai. Falo mai tayil da bango tsirara yana sa sauti amsa-kuwwa har magana ta cakuɗe, kuma kafet mai kauri da labule masu nauyi suna gyara wannan fiye da sayen sabuwar lasifika.

Wajen wayoyi a nemi ta tagulla zalla mai ɗan kauri, musamman ga na gefe da ke da nisa. A feƙe bakin wayar kamar santimita ɗaya, a murɗe silallan su zama tsintsiya ɗaya, a cusa a ɗaure, ja ga ja, baƙi ga baƙi, a ɓangaren risiba da na lasifika. Sili ɗaya tak da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya sa na'urar ta kashe kanta, juya ja da baƙi a lasifika guda kuma yana rage kaurin sauti. A duba bayan lasifikokin ma: yawancin risibobi sun fi sakewa da masu om 6 zuwa 8, masu om 4 kuwa sai idan littafin na'urar ya amince.

Saiti

Kusan kowace risiba ta zamani tana auna ɗaki da kanta: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, AccuEQ a Onkyo. Ana jona makirufon, a tsayar da shi a wurin zama daidai tsayin kunne yana kallon sama, ba a riƙe a hannu ba, sai na'urar ta riƙa fitar da ƙara daga kowace lasifika tana auna nisa da ƙarfi. Nisan yana da muhimmanci, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma risibar tana jinkirta na kusa don duka su iso kunne tare. Awon yana son shiru, abin da ke da wuyar samu a garin da janareto da hon ɗin danfo ba sa hutawa. Safiyar Lahadi da akwai wuta ta fi dacewa, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a fitar da yara.

Bayan an gama a shiga saiti a duba sakamakon. Idan na'urar ta sa wata lasifika a Large, a mayar da ita Small, a sa iyakar rabon sauti a Hz 80, ko 100 zuwa 120 ga 'yan ƙanana, ta yadda nauyin kiɗan ƙasa zai koma kan wufa, risibar kuma ta rage wahala da zafi. Idan magana ba ta fita sosai, a ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3. A cikin talabijin da dikoda a zaɓi Bitstream ko Auto a sashen sauti, domin PCM yakan taƙaita shi zuwa layi biyu, a kuma kunna tsarin da ke sa rimot ɗaya ya sarrafa su duka, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync.

Idan an kunna fim ɗin Kannywood ko shirin Arewa24 aka ji na gefe sun yi shiru, ba lalacewa ba ce. Galibin irin waɗannan shirye-shirye da bidiyon YouTube da layi biyu aka haɗa sautinsu. Tsare-tsaren cikin risiba irin su Dolby Surround, DTS Neural:X ko tsohon Pro Logic II suna iya baza shi zuwa dukkan lasifikoki, kodayake karatun Alƙur'ani, wa'azi da labarai sun fi fita tsaf a layi biyun.

Maƙwabta, da ranar da ta ƙi kunnuwa

Kiɗan ƙasa yana ratsa bango da daɓe fiye da sauran sauti, kuma wanda ke ɗakin ƙasa ya fi mai kallon jin sa. A ɗora wufa a kan roba mai kauri, a rage ta da dare, a kunna tsarin dare da ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa, a kuma kiyaye lokutan salla. Gara ka riga maƙwabcinka magana, ka ce, "Malam, idan ƙarar tana damun ku, don Allah a ƙwanƙwasa mini," da ƙorafi ya kai ga mai gida.

Ranar da risibar ta kunnu ta mutu nan take, fitilarta tana ƙyaftawa, kariyar cikinta ce ta yi aiki. A zare wuta, a cire wayoyin lasifikoki duka, a bar ta ta huce, sannan a kunna ta ita kaɗai. Idan ta tsaya, a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ana kashe ta kafin kowane jonawa, har a gano layin da ke da matsala. Idan kuwa ta mutu babu ko waya ɗaya a jikinta, lalurar tana ciki, sai a kai ta wurin mai gyaran da ya saba da kayan sauti, a kuma gaya masa tun farko cewa idan fis ne ya ƙone, a sa irinsa mai lamba ɗaya, kada a ɗaure gurbinsa da waya.