Darasi: Ɗaura Tsohon Gilashi a Kan Kyamarar Zamani

Masu hoto da dama a Katsina suna da kyamarorin zamanin fim a jibge cikin akwati. Fim ya yi wuya, amma gilashin da ke gabansu yana nan da ransa. Zoben ƙarfe guda, wanda ake kira adafta, shi ne zai haɗa shi da kyamarar dijital.

Fara duba gindin gilashin. In murɗa shi ake yi kamar noti, kuma faɗinsa milimita 42 ne, sunan wannan baki M42. Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet irinsa ne. Wajen sayen adafta ka faɗi suna biyu: bakin gilashin da bakin kyamararka.

Aikin adafta cike tazara ne, kuma nan mutane ke asarar kuɗi. Gilashin M42 yana son milimita 45.46 tsakanin gindinsa da sensa, wato farantin da ke karɓar haske. A Sony mai bakin E tazarar milimita 18 ce, sai adafta mai kauri ta cike ragowar. A Canon mai bakin EF milimita 44 ce, siririn zobe ya wadatar. Amma a Nikon mai bakin F milimita 46.5 ce, ta riga ta zarce. Fuskar wanda ke kusa za ta fito, Hasumiyar Gobarau daga nesa kuwa sai dishi-dishi. Akwai adafta mai ƙarin gilashi a ciki don gyara wannan, sai dai tana rage kyan hoto.

Tsohon gilashi ba shi da lantarki, don haka wasu kyamarorin kan ɗauka babu komai a gabansu, su ƙi bugawa. Shiga saituna ka ba ta izinin ɗauka ba tare da gilashi ba, sannan ka juya maɓallin sama zuwa M, wato saitin hannu.

Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, misali f/2, ka juya zoben saiti har idon mutumin ya fito tar. Daga nan ka rage ƙofar; lambar f na ƙaruwa, ƙofar na tsukewa. A tsakar rana fara da f/16, ISO (wato ƙarfin jin hasken sensa) 100, saurin ƙiftawa 1/125 na daƙiƙa. Dawakan hawan sallah sai 1/1000, ka buɗe ƙofar zuwa f/5.6. In ka juya zoben ƙofa haske bai ragu ba, nemi ɗan makunni mai A da M a jikin gilashin, ka tura shi M.

Lokacin hunturu kada ka sauya gilashi a fili. Shiga ɗaki, kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa. Ƙura da robar hura iska ake fitar da ita, ba da bakin riga ba.

Aikin gida: ɗauki ƙofar gidanku a f/2, f/5.6 da f/11, kana rage saurin ƙiftawa duk sanda ka tsuke ƙofar haske, ka zo da hotunan aji.