Yadda ake gano matsala idan ana gyara fayil a saba ta nesa

Kafin ka taɓa komai a VS Code ko Notepad++, buɗe taminal ka rubuta `ssh -v suna@adireshi`. Masu koyo da yawa sukan goge manhajar su sake girka ta, su ƙone data a banza, alhali hanyar SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, ce ta toshe. Idan taminal ya shiga, laifin na manhaja ne. Idan bai shiga ba, layukan ƙarshe da `-v` ya fitar za su nuna maka inda aka tsaya.

Idan ka ga "Permission denied", duba izini. Jakar `~/.ssh` ta zama 700, mabuɗinka na sirri da `authorized_keys` na kan saba su zama 600 (da `chmod` ake sa waɗannan lambobin izini). SSH ba ya karɓar mabuɗin da kowa zai iya karantawa. Idan kuwa "Host key verification failed" ne, kuma ka san an sake girka sabar, `ssh-keygen -R adireshi` ya wadatar. In ba ka san an taɓa ta ba, tambayi mai ita tukuna.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya nan Sakkwato shi ne yankewar layi. Yawanci da hotsfot na waya ake aiki, ga ɗaukewar wuta, ga zafin Afrilu da ke sa waya ta yi sanyin jiki. Sai ka bar fayil a buɗe ka tafi sallah, ka dawo ka danna ajiye, manhaja ta yi ta juyi. Dalili kuwa, hanyar sadarwar waya tana rufe layin da ya daɗe shiru. Buɗe `~/.ssh/config` a kwamfutarka, ƙarƙashin `Host *` ka sa `ServerAliveInterval 30` da `ServerAliveCountMax 4`. Yanzu duk daƙiƙa 30 kwamfutarka za ta taɓa sabar, in kuma an yi minti 2 ba amsa sai ta yanke da kanta maimakon ta daskare.

Amma wannan ba ya maganin canjin adireshi. Da zarar waya ta sauke intanet ta sake kamawa, tsohon layi ya mutu. Shi ya sa duk fayil mai muhimmanci a cikin tmux ake gyara shi, manhajar da ke riƙe aikinka a kan sabar kanta ko layi ya yanke. Rubuta `tmux new -s aiki`, ka buɗe vim, manhajar gyara rubutu ta taminal, a ciki. Layi ya yanke, ka sake shiga, `tmux attach -t aiki`, rubutunka na nan inda ka bar shi. Wanda bai yi haka ba, in ya sake buɗe fayil ɗin a vim, zai tarar da gargaɗin E325, mai nuna an bar fayil ɗin `.swp`. Kada ka yi gaggawar goge fayil ɗin `.swp`, a cikinsa aikinka yake. Fara da `vim -r sunan-fayil`, ka ajiye, sannan ka goge shi.

Masu tura fayil ta SFTP, wato tura fayil ta hanyar SSH, su ne suka fi shiga haɗari, domin layi na iya yankewa ana tsakiyar turawa, a bar rabin fayil a saba. Yi kwafi da `cp` kafin gyara, kuma in fayil ɗin nginx ne, manhajar sabar yanar gizo, gwada `nginx -t` kafin ka sake loda shi.

Sauran ba su da wuya. Fayil na `/etc` ya ƙi ajiyuwa, yi amfani da `sudoedit`, ban yarda da `chmod 777` ba ko da wasa. Ajiya ta ƙi ba dalili, `df -h` zai nuna ko faifai ya cika. Rubutun bash ya kawo "bad interpreter" da `^M`, ƙarshen layin Windows ne, `dos2unix` zai gyara. VS Code kuma yana girka nasa kayan a `~/.vscode-server` kuma yana son RAM aƙalla 1GB, don haka saba mai araha ta 512MB za ta riƙa kashe shi. Idan ya maƙale wajen haɗawa, goge wannan jakar ka sake shiga.