Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Zaɓi Imel da Manhajar Buɗe Shi

Duk wanda ya taɓa kai takardar neman kwangila wata ma'aikata a Abuja, ko ya aika farashin kaya ga wata ƙungiyar agaji a Maitama, ya san ana duban adireshin imel ɗin da ke saman takarda tun kafin a kai ga farashin. Adireshin Gmail na kyauta yana aiki, babu laifi a cikinsa, amma wanda ke ɗauke da sunan kamfani yana nuna an zauna da gindi. Sai dai kwarjini ba shi ne babban dalili ba. Babban dalili shi ne mallaka. Kamfanoni da yawa a Wuse da Garki da Utako suna gudanar da ciniki ta akwatin da yaron ofis ya buɗe da lambar wayarsa. Ranar da ya bar aiki, ya tafi da saƙonnin shekara uku da adireshin duk abokan ciniki.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a nan, kuma kowanne daban ake zaɓarsa. Akwai domen, wato sunan da ke bayan alamar @, shi ne kamar takardar mallakar fili. Akwai kamfanin da ke karɓar saƙonni yana ajiye maka, shi ne kamar sito da ka kama haya. Sannan akwai manhajar da kake buɗe saƙon da ita a waya ko kwamfuta. Kana iya sauya sito, kana iya sauya manhaja duk lokacin da ka so, matuƙar takardar filin tana hannunka.

Fara da domen

Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, kuma ana sayensu ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a biya da naira. Haya ce ta shekara-shekara, ba saye na din-din-din ba. Zaɓi gajeren suna wanda ya dace da sunan da ka yi rajista da shi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wanda za ka iya faɗa a waya ba tare da an ce ka maimaita ba.

Kada ka bari mai haɗa maka shafin intanet ya yi rajistar domen da sunansa da imel ɗinsa, ko da ɗan'uwanka ne. Buɗe asusun da kanka, ka ba shi damar shiga ya yi aikinsa, in ya gama ka canza kalmar sirri. Kuma adireshin da za ka bayar don tunatar da kai biyan kuɗi ya zama na waje, kamar Gmail ɗinka na kanka. In ka sa adireshin da ke kan domen ɗin, ranar da wa'adi ya cika imel zai mutu, saƙon gargaɗin ma ba zai iso ka ba. In da hali biya na shekara biyu ko uku lokaci ɗaya.

Ƙirga akwatuna kafin ka dubi farashi

Manyan kamfanonin imel suna karɓar kuɗi ne a kan kowane mutum, kowane wata. A nan ake yawan yin asara. Kamfani mai ma'aikata huɗu sai ya sayi akwati tara: na kowa, da info@, da sales@, da accounts@, da sauransu. Babu buƙata. Waɗannan adireshin ana yinsu ne a matsayin laƙabi, wato ƙarin suna da ke zuba saƙo cikin akwatin wani, kuma kyauta ne. Google Workspace yana barin laƙabi har 30 a kan mutum ɗaya. Microsoft 365 kuma yana da akwatin tarayya wanda ba ya buƙatar lasisin kansa, masu lasisi biyu ko uku su riƙa dubawa suna amsawa da sunan kamfani. Ƙa'idar ita ce akwati ɗaya ga kowane mai rai, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya.

Wa zai riƙe maka saƙonnin?

Hanya mafi araha ita ce imel ɗin da ke zuwa tare da masaukin shafin intanet, wanda ake sarrafawa ta shafin gudanarwa mai suna cPanel, a buɗe shi a burauza da manhajar Roundcube. Kusan kyauta ne tunda ka riga ka biya kuɗin shafin. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, kai da wasu ɗaruruwan mutane kuke aika saƙo daga saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonni, mai lambar IP ɗaya, wato adireshinta a intanet. In ɗaya daga cikinsu ya riƙa watsa saƙonnin damfara, sai a saka lambar cikin jerin waɗanda ake toshewa, saƙonka na halal ya riƙa faɗawa akwatin tarkace ko ya dawo. Ta biyu, wurin ajiya ɗaya ne da na shafin, yana cika saƙo ya daina shigowa, kai kuwa ba ka sani ba sai abokin ciniki ya kira. Ya ishi shagon da yawancin cinikinsa a WhatsApp yake. Wanda kwangilarsa ta rataya a kan saƙo ɗaya ya isa kafin ƙarfe 12 na rana, ba mu ba shi shawarar dogara da shi ba.

Zoho Mail shi ne matsakaici. Tsarinsa na kyauta yana ɗaukar mutum 5, kowa da 5 GB, a kan domen ɗaya, amma ta burauza da manhajarsa ta waya kawai ake buɗe shi. Ba zai haɗu da manhajar kwamfuta irin Outlook ko Thunderbird ba sai ka koma tsarin biya. Tsarin biyan nasa ya fi na Google da Microsoft sauƙi nesa ba kusa ba.

Google Workspace shi ne Gmail ɗin da kowa ya saba da shi, sai dai da sunan kamfaninka. Ƙaramin tsarinsa yana ba da 30 GB ga kowane mutum, wanda ya haɗa da Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google, kuma yana barin saƙo 2,000 a rana maimakon 500 na Gmail ɗin kyauta. Ma'aikata ba sa buƙatar koyo, kuma tace tarkacensa yana da kyau ƙwarai. Microsoft 365 ya fi dacewa da ofishin da rayuwarsa Word da Excel ce. A lura: tsarin Business Basic yana ba da babban akwati da 1 TB na OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft, amma Office ɗinsa na burauza da waya ne kawai. Mai son wanda ake sakawa a kwamfuta sai ya hau Business Standard.

Tambayar da ta fi farashin yau muhimmanci ita ce yadda za ka riƙa biya. Abin da aka ƙiyasta da dala yana tashi duk lokacin da naira ta faɗi, kuma katin banki yana iya ƙin wucewa a watan da ba ka zata ba. In biya ya tsaya, ana dakatar da asusun, in aka daɗe a goge shi. Dillalan cikin gida suna sayar da lasisin Google da Microsoft da naira, har su ba ka rasit na kamfani. Hanya ce mai kyau, da sharaɗin babban asusun gudanarwa ya kasance a hannunka, ba a hannun dillali ba. Lissafa kuɗin shekara guda cur, ka tambayi kanka ko za ka iya biya a shekarar da kasuwa ta yi sanyi.

Layuka huɗu da ke sa saƙo ya isa

Bayan ka zaɓa, za ka shiga sashen DNS, wato inda ake rubuta saitin domen, a wurin da ka sayi domen ka saka bayanai huɗu. MX yana faɗa wa duniya inda za a kai saƙonka. Goge tsofaffin MX gaba ɗaya, domin in ka bar biyu saƙonni za su rabu gida biyu. SPF yana lissafa sabobin da ka yarda su aika da sunanka. Na Google shi ne v=spf1 include:_spf.google.com ~all, na Microsoft kuma yana ɗauke da include:spf.protection.outlook.com. Layin SPF ɗaya tak ake yarda da shi a domen. In kana da manhajar lissafi ko shafin intanet da ke aika rasit da sunanka, ƙara shi cikin layin nan, kada ka buɗe na biyu, domin biyun duka za su lalace. DKIM sa hannu ne na sirri a kan kowane saƙo. Ana ƙirƙiro shi a shafin gudanarwa, a kwafa zuwa DNS, sannan a koma a kunna shi, kuma wannan kunnawar ce aka fi mantawa. DMARC yana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar SPF da DKIM; fara da p=none, wato a sa ido kawai, bayan wasu makonni in komai na tafiya daidai ka tsananta zuwa p=quarantine, wato a jefa irin wannan saƙo akwatin tarkace.

Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: mai aika saƙo dole ya kasance da SPF ko DKIM, mai aika 5,000 a rana zuwa Gmail kuma dole ya haɗa SPF da DKIM da DMARC duka. Don gwadawa, aika saƙo zuwa wani Gmail, buɗe shi a kwamfuta, danna ɗigo uku ka zaɓi nuna asalin saƙo. Kana son ganin PASS a gaban kowanne.

Manhajar buɗewa

Ga yawancin ma'aikata burauza da manhajar waya ta kamfanin sun wadatar. Manhajar kwamfuta tana da amfani ga mai akwatuna da yawa, ko wanda ke son karanta tsofaffin saƙonni lokacin da intanet ta ɗauke. Thunderbird kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tun 2024 tana da ta Android. Outlook ta fi ƙarfi idan an haɗa ta da Microsoft 365, saboda kalanda da akwatin tarayya suna shigowa da kansu. Guji Office na bogi da ake samu a kan kwamfutocin hannu: ba ya samun gyaran tsaro, kuma tsofaffin ba sa iya sabuwar hanyar shiga. Microsoft ya fara rufe shiga da kalmar sirri zalla a Exchange Online, tsarin imel ɗinsa, tun Oktoban 2022, Google ma ya bi sahu. In manhaja tana ta neman kalmar sirri alhali daidai ka rubuta, yawanci dalilin ke nan. Zaɓi OAuth2, wato sabuwar hanyar shigar, a saitin, ko ka sabunta manhajar.

Wajen saiti zaɓi IMAP, kada ka zaɓi POP. POP yana sauke saƙo cikin kwamfuta ɗaya, kuma yana iya goge shi daga saba. In aka sace kwamfutar ko faifanta ya ƙone, shi ke nan. IMAP yana barin komai a saba, waya da kwamfuta su ga abu ɗaya. Lambobin ƙofa: 993 na IMAP, 465 ko 587 na aikawa ta SMTP, duka da tsaron SSL ko TLS. In saƙo yana shigowa amma ba ya fita, duba ko ka kunna tantancewa a ɓangaren SMTP. Gmail ba ya barin a aika maƙalallen fayil da ya wuce 25 MB, kuma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, don haka manyan takardun kwangila da aka yi wa sikanin gara a ɗora su a Drive ko OneDrive a aika mahaɗi.

Tsaro

Tilasta wa kowa tantancewa mai mataki biyu, da manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator maimakon saƙon tes, domin ana iya sace layi. Buga lambobin ko-ta-kwana, waɗanda ake shiga da su in waya ta ɓace, a takarda ka kulle. Damfarar da ta fi cin ƙananan kamfanoni ita ce ɓarawo ya shiga akwati shiru, ya saka dokar tura kwafin saƙonni zuwa wajensa, ya jira lokacin biyan kuɗi, sai ya aika wa abokin cinikinka sabuwar lambar asusun banki da sunanka. Duba dokokin turawa na kowane akwati duk wata, kuma duk saƙon da ya ce an canza asusu a tabbatar da shi ta kiran lambar da aka sani tun da. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan mutanen da yake riƙe da su. Kafin ka kai kwamfuta gyara kasuwar Banex ko wani wuri, fita daga duk asusun da ke kanta. Ma'aikaci in ya bar aiki, a ranar a canza kalmar sirrinsa, a fitar da asusun daga wayarsa ta shafin gudanarwa, a kwashe saƙonninsa, sannan a mayar da adireshin laƙabi.

In ƙaura za ka yi daga tsohon wuri, bi wannan jeri: buɗe dukkan akwatuna da laƙubba a sabon wurin tukuna, kwaso tsofaffin saƙonni da kayan ƙaura na IMAP da Google da Microsoft da Zoho duk suke da shi, sannan ka canza MX da yammacin Juma'a bayan an tashi aiki. Canjin yana iya ɗaukar sa'o'i 48 kafin ya game ko'ina, kuma a tsakanin nan wasu saƙonni za su ci gaba da faɗawa tsohon akwatin. Bar shi a buɗe na mako biyu, ka sake kwaso abin da ya rage kafin ka rufe shi.