Yadda Nake Mayar da Tsohuwar Kalanda Duwatsun Wuya

Ranar da na fara saka sarƙar da na yi da hannuna, gidan suna muka je. Wata ƙawar yayata ta kamo ta a wuyana tana jujjuyawa, ta ce, "Ke, wannan 'yar Bida ce ko tsarabar Makka?" Na ce mata kalandar bara ce ta bangon ɗakinmu. Ta yi tsaki, ta ce in ba zan faɗa ba in bari, ba sai na mayar da ita abokiyar wasa ba. Sai da na lalubo wani dutse da ya lalace a jakata, na sa reza na tsaga shi, ta ga takarda a nannaɗe kamar tabarma, sannan ta riƙe baki.

Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya ga dutsen ado mai sheƙi, hankalinsa Bida yake tafiya, inda mutanen Masaga suke narka kwalba su yi duwatsu da awarwaro, sana'ar da tana cikin abin da ya sa UNESCO ta saka garin a jerin biranen sana'ar hannu a 2021. A Ghana kuma mutanen Krobo daka kwalbar suke yi ta zama gari, su zuba a 'yan ramukan yumɓu su gasa. Duk waɗannan aikin wuta ne, kuma gado ne. Nawa ba ya buƙatar murhu. Almakashi ne, da rula, da fensir, da tsinken tsire, da farin gam irin na kafintoci, sai fanish, wanda ake shafa wa katako ya yi sheƙi. Kuma kada ki ɗauka wasan yara ne: a Uganda akwai matan da da wannan naɗin takardar suke ciyar da gidajensu.

A wajen zaɓen takarda ake fara cin riba ko faɗuwa. Jarida ba ta yi, ta cika laushi, kuma tana shan gam sai ta koma toka-toka. Kwali ya yi kauri, yana karyewa wajen naɗi. Wadda ta fi ita ce mai santsi mai sheƙi: kalanda, bangon mujalla, da fastar 'yan siyasa. Bayan zaɓen 2023 na tara fastoci cike da buhu, har yau ban gama cinye su ba. Abin dariyar shi ne, in kin naɗe, fuskar ɗan takarar ɓacewa take yi gaba ɗaya, don bakin-bakin takardar ne kaɗai ke fitowa waje, ɗan siriri kamar zare. Kalar babbar rigarsa da ta tutar jam'iyya su ne suke saura. Saboda haka kada ki tsaya duba kyan hoto, duba kaloli. Shafin da ya cika da ja da ruwan ɗorawa da shuɗi zai ba ki dutse mai rai, wanda rubutu ya yi wa yawa kuma dabbare-dabbare zai fito.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ba na yanka kalandar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah. Yawancin kalandun da ake rabawa a nan suna da su, ko a sama ko a gefe. Irin waɗannan gefe nake ajiye su.

Yanzu awo. Ki ɗauki takarda girman wadda ake bugawa a shagon kwamfuta, wato faɗi santimita 21, tsawo kusan 30. Ki kifa ta, bayan ya kalle ki, don kada zanen fensir ya fito a jikin dutse. A gajeren gefe na ƙasa, ki fara daga kusurwa kina sa ɗigo duk bayan santimita 2. A gefen sama kuma ki fara matsawa santimita 1 tukuna, sannan ki ci gaba da ɗigo duk bayan santimita 2. Ki sa rula ki haɗa ɗigon ƙasa da na sama, ki dawo ƙasa, ki koma sama, kamar haƙoran zarto. In kin yanka za ki sami dogayen tsilla-tsilla guda 20, kowanne da faɗi a gindi da tsini a kai, ban da 'yan ɓarɓashi biyu na gefe da za ki yar. Ashirin ɗin nan kuwa su ne daidai sarƙar wuya guda mai tsawon santimita 45 in an sa ƙananan duwatsu a tsakani. Shafi guda, sarƙa guda.

Faɗin gindin shi ne tsawon dutsenki. Tsawon takardar da kaurinta su ne ƙibarsa. Wannan awon da na ba ki yana fitar da dutse mai siffar ƙwallon dabino. In kina son mai zagaye kamar 'ya'yan carbi, ki rage gindin zuwa santimita 1, ki yanko daga doguwar kalanda, ko ki ɗora biyu ko uku a kan juna ki naɗe su tare. In kuma kika yanka ta miƙe sak babu tsini, zai fito kamar gaɓar kara, wanda ya fi dacewa da abin hannu.

Naɗin nan ne aikin, kuma hannu ne ke koyonsa, ba kunne ba. Ki shafa wa tsinken ɗan basilin ko man kaɗanya, kaɗan dai, don dutsen ya zare ba gardama. Ki ɗora gindin takardar a jikin tsinke, kalar tana kallon waje, ki zagaya sau ɗaya da rabi ba tare da gam ba. Daga nan ki riƙa murzawa da babban yatsa da manuniya, ɗaya hannun yana riƙe da wutsiyar yana ɗan ja. Idonki ya tsaya a kan tsinin: dole ya riƙa bin tsakiya. Da ya fara karkata, ki warware kaɗan ki daidaita, in ba haka ba dutsen zai fito da ƙusumbi gefe guda. In ya rage kamar tsawon ɗan yatsa, ki laƙato gam da tsinken sakace ki shafa, ki ƙarasa naɗewa, ki danne kan da yatsa ki ƙirga goma. Sai ki zare.

Ki matsa shi tsakanin yatsu. In ya lotsa, naɗin ya yi sako-sako, babu fanish ɗin da zai cece shi. Na farkon da za ki yi, goma ko ashirin, duk za su fito a karkace. Nawa ma haka suka yi, har ƙanwata ta ce sun yi kama da kashin awaki. Ki ba yara su yi wasa da su ki ci gaba. Yanzu ina naɗa wajen 40 a awa ɗaya ina sauraron rediyo, ko kallon hannuna ba na yi.

Maganar gam, bari in faɗa miki abin da ya same ni don kada ki maimaita. Da farko na ce me zai sa in kashe kuɗi, ga sitaci a gida? Na dama, na naɗe duwatsu sun fi ɗari, na shanya a faranti a ƙarƙashin gado. Kwana biyu na janyo farantin, kyankyasai sun yi walima, sun gwaigwaye bakin kowanne. Na koma ƙaro, wanda kakata take jiƙawa tana haɗa tawada da shi. Yana kamawa da kyau, amma da ya ji danshi sai ya saki. Farin gam ɗin kafintoci shi ne ya raba gardama, ƙaramar roba ɗaya tana kai ni watanni.

Da shi kuma nake yin shafin farko. In kika tsoma takarda tsurarta a fanish, shanye shi take yi, farin ya koma rawaya, kalar ta dushe kamar an zuba mata mai. Don haka nake tsinka gam da ruwa, kashi biyu gam kashi ɗaya ruwa, in shafe kowane dutse da ɗan buroshi, har bakin ramin ta kowane gefe. Zai yi fari kamar nono, kada ki tsorata, yana bushewa zai washe. Ina soka su a tsinken tsintsiya, in kafa tsinkayen a kwanon da na cika da yashi, kada su taɓa juna.

Bayan sun bushe sai fanish. Wani dattijon kafinta a bakin layinmu ne ya koya mini. Na je saye, ya tambaye ni, "Hajiya, kujera za a shafe ko ƙofa?" Na nuna masa dutse guda a tafin hannuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To kada ki labta. Ki tsinka shi da tina, ki shafa siriri sau uku, ya fi ki shafa mai kauri sau ɗaya." Na ce, "Na gode, Baba," kuma har yau a kan maganarsa nake. Mai kauri taruwa yake yi a gindin dutse ya daskare kamar majina, sama ta bushe, ciki ɗanye. Ki yi wannan aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da risho, don tina na kama wuta, warinsa kuma yana hawa kai. In 'yan kunne kawai za ki yi, dutse biyu ko huɗu, janfarce marar kala ya wadatar.

Lokacin shekara yana da ruwa da tsaki a nan. Da hunturu shafi ɗaya kan bushe cikin 'yan awoyi, amma ƙura ce abokiyar gaba: ta sauka a kan ɗanyen fanish, dutsen ya yi kaushi kamar an birgima shi a rairayi. Kwali nake kifawa a kan kwanon, in huda shi ta gefe. Da damina kuwa ki ba kowane shafi yini da kwana, wani lokacin fiye. Kuma bushewar da yatsa ke ji ba ita ce bushewa ba. Na taɓa karɓar aikin biki, sarƙa 12 na ƙawayen amarya, a cikin watan Agusta. Lokaci ya ƙure, na taɓa na ji ba sa kama hannu, na zuba su a leda na ƙulle. Washegari na buɗe na tarar da curi guda kamar dunƙulen nakiya. Wanda na ɓanɓare sai ya taho da fatar ɗan'uwansa. Kuɗin mutane na mayar, ga kunya. Tun daga ranar, bayan shafi na uku sai sun yi mako guda a sarari kafin in zura su a zare.

In kin zare su daga tsinke za ki ga fanish ya ɗan toshe bakin ramin, ko ya bar kaifi. Ki sa allurar ɗinkin buhu ki buɗe, ki goge kaifin da abin gyaran farce, in ba haka ba shi zai ci zaren ko ya karce wuya.

Zaren da nake shiryawa da shi na roba ne, irin na masu fatsa. Na ɗinki ba ya daɗewa, gumi ke cinye shi. A Kasuwar Kurmi nake sayo shi tare da ƙugiyar sarƙa, da ƙarfen 'yan kunne, da ƙananan duwatsun kwalba da ake sayarwa a ƙulle. Waɗannan ƙananan su ne sirrin da ya ruɗi ƙawar yayata. Ramin dutsen takarda yana da faɗi, in aka jera su kai da kai sai su riƙa hawa juna, zare yana leƙowa. Amma in kika sa ɗan ƙaramin na kwalba ɗaya ko biyu a tsakani, zai toshe ramin, ya ƙara wa sarƙar nauyi ta kwanta a ƙirji, don takarda ba ta da nauyi ko kaɗan. Ki ƙulla ƙarshen sau uku, ki ɗiga gam a kan ƙullin, ki tura wutsiyar zaren cikin dutsen kusa.

Wani lokacin kanumfari nake sawa a tsakani maimakon na kwalba, yadda na ga tsofaffi suna yi. Ki jiƙa shi ya kwana ya yi laushi, ki soke shi da allura, ki bar shi ya bushe a jikin zare kafin ki haɗa da na takarda. Ƙamshin na daɗewa. Sai dai wasu fatarsu ba ta son shi, ki fara gwadawa a hannu. Abin da ba zan taɓa ba ki shawara ba shi ne idon zakara, ɗan jan ƙwallon nan mai baƙin ɗigo. Yana da kyau ƙwarai, amma cikinsa guba ce mai kisa, kuma huda shi ne ke fito da ita. Gidan da ke da yara masu kai komai baki, ko ajiye shi bai kamata ba.

Ana yawan tambayata jigida. Ba na yi. Jigida tana kwana a jiki, ta sha gumi, ta shiga wanka, takarda kuwa ko an shafe ta sau goma takarda ce. Yayyafi ba ya yi mata komai, amma jiƙo yana kumbura ta. Abin hannu ma ina gaya wa masu saye su cire in za su yi alwala ko wanke-wanke. Turare kuma a fara fesawa ya bushe kafin a saka sarƙar, domin na feshi yana dusar da sheƙin, humra kuma tana sa shi danƙo.

Watan Janairu ne kakata. Maƙwabta sun riga sun sani, ana sauke tsohuwar kalanda za ki ji sallamar yaro a zaure: "Wai in ji Umma, ga takardarki." Ina warewa, masu aya gefe guda, masu kala a ƙarƙashin katifa don su miƙe. Ta bana da ta fi burge ni ta wani kamfanin taki ce, shafi shida duk gonar tumatir da tattasai. Jan da ta ba ni, in ba ki taɓa ba sai ki rantse murjani ne.