Yadda za ka gane fim nawa ka kalla da gaske cikin waɗanda suka fi tara kuɗi a duniya

Toh abu na farko dai ka nemo jerin, ka rubuta a Google ka duba goma ko ashirin na sama, kar ka wahalar da kanka da hamsin. Na ɗaya Avatar ne na 2009 wanda James Cameron ya yi, ya tara kusan dalar Amurka biliyan 2.9, sai Avengers: Endgame na 2019 da kusan biliyan 2.8, sai Avatar na biyu na 2022, sai Titanic na 1997 wanda shi ma Cameron ɗin ne, kun ga mutum ɗaya fim uku a sama. Akwai Ne Zha 2 na ƙasar Sin da ya fito a 2025 ya haura biliyan 2, kartun ne, kuma yawancin kuɗin a can gida ya same su. Sai su Star Wars na 2015, Infinity War na 2018, Spider-Man na 2021, Jurassic World, Furious 7 da sauransu. In kana son ka ji nauyin kuɗin, biliyan ɗaya na dalar Amurka ya haura sefa biliyan 500, kai dai bari.

Na biyu, kuma nan ne mu 'yan Garwa da Marwa da Injamena muke ruɗewa: suna. Mu yawancinmu da Faransanci muka kalli waɗannan finafinan, ko a Canal+ ko a faifan da aka sayo kasuwa ko wanda aka tura maka cikin katin waya, shi kuma jerin da Ingilishi yake zuwa. Sai ka ga Inside Out 2 ka ce ban san shi ba alhali ƙannenka sun ishe ka da Vice-Versa 2 a gida, Frozen shi ne La Reine des neiges, The Lion King shi ne Le Roi Lion. Saboda haka duk sunan da bai yi maka kama da komai ba ka buɗe hoton fim ɗin tukuna kafin ka soke shi. Le Roi Lion ɗin ma a kula, biyu ne, akwai zanen 1994 da muka taso da shi akwai na 2019 mai kama da dabbobin gaske, wanda ke can sama a jerin na 2019 ne, in na da ka gani kar ka ci haƙƙin lissafi.

Yanzu ka ɗauki takarda ko ka buɗe wajen rubutu a waya ka kasa su uku: wanda na kalla daga farko har sunaye suka fara hawa, wanda na kama a tsakiya ko ban ƙarasa ba, da wanda labarinsa kawai na ji. Wlh kashi na biyun nan shi zai fi cika, don finafinan nan dogaye ne, Titanic ya wuce awa uku, Avatar na biyu ma haka, Endgame awa uku cur, a garin da za a iya ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, ko a kira sallah ka tashi ka dawo ka tarar yara sun canza tasha, ko kana cikin motar zuwa Gaundare aka saka Titanic barci ya kwashe ka tun kafin jirgin ya bugi ƙanƙara. Wannan duk kashi na biyu ne, ba laifi ba ne amma ba a lissafa shi da na ɗaya. Gutsattsarin TikTok da Facebook kuwa, ko wanda wani ya taƙaita maka fim ɗin cikin minti goma da muryarsa, kashi na uku ne kai tsaye, ba jayayya.

In kana shakka ga gwaji mai sauƙi, ka tambayi kanka abin da ya faru a tsakiya, ba farko ba kuma ba ƙarshe ba, don ƙarshen manyan finafinai kowa ya sani ko bai kalla ba. Kowa ya san jirgin Titanic ya nutse yaron ya mutu a ruwan sanyi, amma wa ke ba da labarin tun farko, kuma ina sarƙar nan mai shuɗin dutse ta ƙare? In ba ka san cewa tsohuwar da ke ba da labarin ce da kanta ta jefa ta cikin teku ba, to ɗan'uwa ba ka ƙarasa ba. A Endgame shekara nawa aka tsallake bayan farkon fim ɗin? Biyar. Masu Fast and Furious su ne suka fi ba ni dariya, mutum zai rantse ya ga na bakwai sai ka ce ba ni labari ya fara maka zancen jan akwatin kuɗi a titunan Rio, wannan na biyar ne na 2011, na bakwai shi ne wanda mota ta tsallaka daga wani dogon bene zuwa wani a Abu Dhabi, wanda ɗaya daga cikin jarumansa Paul Walker ya rasu a 2013 kafin a gama ɗauka. Avengers ma haka ake cakuɗa su, wanda aka kaɗa yatsa rabin mutane suka zama ƙura Infinity War ne.

Da ka gama ka ƙirga kashi na ɗaya kawai. In ka samu huɗu ko biyar cikin ashirin kar ka ji wani iri, ni a ganina ma ka yi ƙoƙari, don jerin nan kuɗin tikitin silima yake ƙirgawa ba yawan idon da ya kalla ba, kuma mu nan arewa ina silimar take? Wanda ke Injamena ko Kusiri aƙalla ya san silimar Normandie ta Injamena da aka sake buɗewa a 2011, na Garwa kuwa sai dai in tafiya ta kai shi Yawunde ko Duwala. Duk kallon da muka yi a gidan bidiyo na unguwa da sefa 50 ko 100 ba ya cikin biliyoyin nan, shi ya sa finafinan Jet Li da Jackie Chan da na Indiya masu fassarar Hausa da muka haddace ba za ka gan su a sama ba. Sannan tikitin yanzu ya fi na da tsada, in aka gyara lissafi da tashin farashi Gone with the Wind na 1939 ake cewa ya fi kowa, kuma ina ƙalubalantar duk majalisar shayinku a samo mutum ɗaya da ya zauna ya kalle shi.

Kashi na biyu shi ne abin amfani, daga nan za ka zaɓi na gaba. Ka cika batirin waya, ka fara da wanda ba ya buƙatar sai ka ga na baya, wato Titanic ko Avatar na farko, Endgame kuwa ka bar shi sai ka ga Infinity War in ba haka ba awa ukun nan za ka yi ta tambayar wane ne wannan kuma.